Dala mai shekara 1780: a duba ta kafin a kai ta wuta

A ƙauyukan Gidan Amumune, cikin gundumar Mayahi, idan bazara ta yi nisa, rumbu ya fara nuna gindinsa, akwai wani ciniki da ba a yin shi a tsakiyar kasuwa. Tsohuwa ce za ta buɗe adaka, ta kwance ƙullin tsumma, ta fiddo wata farar ƙwandala mai faɗi da nauyi wadda ta gada wajen uwarta, ta ba jikanta ya kai wa maƙerin fari ko dillali a Mayahi ko Tasawa. Can za a ɗora ta bisa sikeli, a ƙwanƙwasa ta a saurari ƙararta, a yi mata kuɗi gwargwadon awon azurfa. Kuɗin su koma tiyoyin hatsi. Ita kuwa ƙwandalar, in ba ta yi sa'a ba, kafin mako ya zagayo ta zama zobe ko munduwa.

Sunanta dala. Wasu tsofaffi na ce mata liyari. A fuska guda akwai hoton wata mace mai jiki, da lulluɓin takaba a kanta. A ɗaya fuskar akwai gaggafa mai kai biyu, da lamba huɗu da kowa ke iya karantawa ko bai shiga lakwal ba: 1780. Waɗannan lambobi sun sa mutane da yawa asara, wasu don sun yarda da su fiye da kima, wasu kuma don ba su tsaya sun dubi abin da ke kewaye da su ba.

Matar da ke jiki ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Otirish, wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780. Waɗanda sunka yi tarihin juyin juya halin Faransa a makaranta sun san ɗiyarta, Mari Antuwanet, wadda anka sare wa kai a Paris. Nauyin dalar giram 28 ne da ɗan kai, kuma cikin kashi dubu na jikinta kashi 833 azurfa ce tsantsa, watau giram 23 da kusan rabi. A gefenta, inda ɓarayin azurfa kan kankare sauran kuɗi, an buga kalmomin Latin masu tudu, ma'anarsu adalci da rangwame, ta yadda duk wanda ya goge gefen sai an gane. Wannan amana ta nauyi da tsabta ita ta kai ta Makka da Yaman da Habasha, ta ƙetaro hamada daga Tarabulus ta Ghat da Agadas da Damargu, ta iso Damagaram da Tasawa da Katsina da Kano. Alhazan da sunka yi tafiyar ƙasa ta Sudan su ma sun komo da ita a ɗamararsu.

Don mai karatu ya ga irin sauƙin da ta kawo wa fatake, sai a tuna da Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851. Ya ba da labarin yadda ya ga ana ƙirga wuri dubu ɗari biyar a gidan wani attajiri, biyar-biyar, mutum biyar ko shida na taimakawa, aikin da ya ɗauka na jarumai ne. Da ya isa Kano a shekarar, ya tarar ana canza dala guda a wuri 2.500. A wannan lissafi, tulin wurin da ya wahalar da mutanen Tasawa dala 200 ne kacal, abin da bai kai kilo shida ba, yaro ma ya ɗauka. Ɗan kasuwa na yau zai yi murmushi a nan, don dala metan a bakinsa jika ɗaya ce, kuɗin da ba su cika tukunyar gida ba.

Sunan ne ya rage, jikin ya tafi. Bayan ayarin Voulet da Chanoine ya watse a Maijirgi kusa da Tasawa cikin 1899, Faransawa sunka kafu, sunka ce a biya haraji da kuɗinsu. Ƙwandalarsu ta azurfa mai tamma biyar, mai giram 25, ta yi kusa da dala a girma, sai ta gaji sunan. Da anka ƙirƙiro sefa a watan Disamba na 1945 sunan ya sake ƙaura, har ya sauka kan ƴar ƙaramar ƙwandalar nan ta tamma biyar da yara ma ba su damu su sunkuya su ɗauka ba. Ita kuwa ta azurfar sai ta fita daga kasuwa ta shiga ɗaki: ta zama abin wuyan amarya, ta zama ajiyar mata, ta zama abincin tukunyar maƙera. Da yawa daga tsofaffin kayan adon Buzaye, har da wanda Turawa ke kira kuros ɗin Agadas, daga narkakkun daloli anka zuba su.

Shekarar da ta ƙi motsawa

Mariya Tereza ta rasu a 1780, amma ƴan kasuwar gabas ba su son a canza musu kuɗin da sunka saba da shi. Ko ƙanƙanen canji anka yi sai su ƙi karɓa. Sai gidajen buga kuɗi na Otirish sunka ci gaba da buga ta yadda take, da hotonta da shekarar mutuwarta. A 1857 sarki Faransuwa Yusufu ya ba da doka cewa a ci gaba da buga ta don ciniki da ƙasashen waje, kuma a shekarar da ta biyo baya ta daina zama kuɗin kashewa a ƙasar da ta haife ta. Lokacin da Ingila ta kai yaƙi Habasha a 1868, sai da ta yi odar daloli daga Biyena, don mutanen can ba su sayar da alfadari ko hatsi da wani kuɗi in ba ita ba.

A 1935, Musolini na shirin mamaye Habasha, ya karɓi hatiman bugu daga Otirish, Roma ta shiga buga tata. Ingila ta ga ba za ta zauna wani ya riƙe mata maƙogwaron ciniki a Bahar Maliya ba, ta sassaƙa nata hatiman, Landan ta fara bugu a 1936. Paris da Burusel sunka bi sahu. Cikin yaƙin duniya na biyu Bombai ta ƙasar Indiya ta buga miliyoyi, daga baya Birmingam ta yi nata. An ƙiyasta cewa daga 1751 zuwa 2000 an buga wajen miliyon 389, kuma gidan buga kuɗi na Biyena na buga ta har yanzu ga mai so. Dukkan waɗanda anka buga bayan rasuwar sarauniyar 1780 ke jikinsu.

Ke nan dalar da ke cikin adakar tsohuwa a Gidan Amumune tana iya zama ta zamanin Shehu Usmanu, tana iya zama sa'ar Diori Hamani, tana iya zama ƙanwar jikan da anka aika da ita kasuwa. Shekarar ba ta faɗi komi. Abin da ke faɗi shi ne hatimin da ya buga ta. Kuma don a fahimci dalilin da ya sa wasu mutane ke zuba dukiya saboda hatimi, ya kamata a leƙa ƙasar da wagga sana'a ta fi yin nisa, wadda ita ma kuɗinta dala ne. Sunan guda ne tun asali: daga kwarin Yowakimstal na ƙasar Bohemiya, inda anka fara buga manyan ƙwandalolin azurfa wajen 1520, kalmar tala ta fito, ta zama dala a bakin Amurkawa da bakin Hausawa.

Ganye tara da ganye goma sha uku

Hatimi guntun ƙarfe ne mai tauri wanda anka sassaƙa wa hoto a juye. Ana sa fallen zinariya ko azurfa tsakanin hatimi biyu, na fuska da na baya, a matse da ƙarfi, hoton ya fito. A yau inji ke kwafe hatimi ɗaya sau dubu ba bambanci. A da kuwa hannu ne. Amurka ta kafa gidan buga kuɗinta a Filadelfiya da dokar 1792, ta fara fitar da zinariya a 1795, kuma masassaƙinta na farko, Robert Scot, da mataimakansa sai sun bi kowane hatimi sun buga masa taurari da haruffa da lambobin shekara ɗaya bayan ɗaya. Hannun ɗan Adam bai maimaita kansa daidai. Wani hatimin tauraronsa ya taɓa gashin kan hoton, wani ya yi nesa. Wani an manta an sa harafi a karkace. Duk ƙwandalar da ta fito daga hatimi tana ɗauke da tabonsa, kamar yadda ake gane shanun gida ɗaya da shaidar wuta.

Ga misali. Ƙwandalar zinariya ta dala goma ta 1795, mai giram 17 da rabi, ƙwaya 5.583 ne lissafin hukuma ya nuna an fitar. A bayanta gaggafa na tsaye bisa reshen dabino. Hatiman baya da anka fi aiki da su ganye 13 ke ga reshen. Amma akwai hatimi guda da masassaƙin ya yi wa ganye tara, kuma bai daɗe yana aiki ba. Waɗanda sunka rage daga bugunsa a duniya ba su wuce ashirin da ƴan kai ba. Zinariyar guda ce, nauyin guda ne, shekarar guda ce, sikeli ba zai raba su ba ko da ƙwayar gero. Duk da haka a 2015 an sayar da ɗaya mai ganye tara a gwanjo a kan fiye da dalar Amurka miliyon ɗaya.

Talaucin gidan bugun ma ya haifar da nasa abin nema. Ƙarfen hatimi na da tsada, saboda haka in shekara ta ƙare hatimi bai fashe ba, sai a buga sabuwar lamba bisa tsohuwa. Mai gilashin ƙara girma yana ganin 2 a ƙarƙashin 3 a ƙwandalar dala biyar ta 1803, yana ganin 5 a ƙarƙashin 6 a ta 1796. Ta 1825 wadda 5 ɗinta ke zaune bisa 4, biyu kaɗai anka sani. Taurari kuma sun yi ta hawa da sauka: an so kowace jiha ta samu tauraronta, anka tashi daga 15 zuwa 16 bayan Tenesi ta shigo a 1796, da anka ga fili zai ƙare sai anka koma 13, adadin jihohin farko. Wani lokaci annobar shawara kan sa a rufe gidan bugun, ma'aikata su gudu daga gari, su komo su iske hatimai sun yi tsatsa, su ci gaba da aiki da su a haka. Tsatsar ma ta fito a jikin kuɗin, kuma yau ana biyan kuɗi don a mallake ta.

Har ƙaryar shekara irin ta 1780 akwai ta a can. Shugaba Jefferson ya tsayar da bugun dala goma ta zinariya a 1804. Shekara talatin bayan haka gwamnatin Andrew Jackson ta so ta aika wa sarkin Siyam da sarkin Maskat, Sayyid Sa'id, wanda Zanzibar ma ke hannunsa, kyautar akwatin kuɗin Amurka iri-iri. Babu dala goma ta zinariya a ƙasa, sai anka sassaƙa sabon hatimi anka sa masa 1804. Bambancin na ga lambar 4: ta ainihi tana da ƴar sanda a ƙarshen hannunta, ta baya ba ta da ita. Uku anka sani daga bugun na baya, kuma ɗaya ta ci dalar Amurka miliyon 5,28 a watan Janairu na 2021.

Wanda ya fi kowa tsayawa kan wanga bincike wani attajirin man fetur ne na birnin Dalas, Harry Bass, wanda ya rasu a 1998. Shekara talatin ya yi yana sayen tsofaffin zinariyar ƙasarsa, yana duba su ƙwaya-ƙwaya, yana rubuta inda kowane hatimi ya tsage da yadda tsagar ta ƙaru. Daga rubuce-rubucensa John Dannreuther ya fitar da littafi a 2006 wanda ya ba kowane haɗin hatimi lamba, daga 1795 zuwa 1834. Da anka yi gwanjon zaɓaɓɓun kayansa tsakanin 2022 da 2023 an tara fiye da dalar Amurka miliyon 80.

To amma me ya sa sunka yi ƙaranci haka? A nan ne labarin Filadelfiya ya haɗu da na rumfar maƙerin Tasawa. Dokar 1792 ta ƙayyade cewa awo ɗaya na zinariya daidai yake da awo 15 na azurfa. A kasuwannin Turai zinariya ta fi haka daraja. Sai ya zamana ƙwandalar dala biyar, in an narke ta, ta fi dala biyar. Ɗan kasuwa bai buƙatar a yi masa wa'azi a kan irin wagga riba: anka riƙa kwasar su daga ƙofar gidan bugu zuwa jirgin ruwa, daga jirgi zuwa tukunya a Landan da Paris. A 1834 gwamnati ta rage nauyin sababbi daga giram 8,75 zuwa 8,36, abin da ya rage na tsofaffin shi ma ya bi wuta. Ta dala biyar ta 1822, ƙwaya 17.796 anka rubuta an buga. Uku sunka tsira. Biyu na gidan tarihi na Smithsonian a Washinton, ta ukun an sayar da ita a watan Maris na 2021 a kan dalar Amurka miliyon 8,4, fiye da sefa miliyar huɗu a canjin lokacin. Zinariyar da ke jikinta, a farashin ranar, ba ta kai dalar Amurka 500 ba. Waɗanda sunka narke sauran dubu goma sha bakwai da ɗoriya ba wawaye ba ne, sun ci ribarsu ta ranar, kamar yadda maƙerin yau ke cin tasa.

Abin da za a duba a jikin tamu

Kada mai karatu ya tashi da zumuɗi ya shiga tone adakar kakarsa yana neman miliyar. Zinariyar Filadelfiya ba ta biyo hanyar Agadas ba, kuma dalar Mariya Tereza ba ta taɓa kusantar irin wancan farashi. Mafi yawan waɗanda ke hannun jama'a bugun ƙarni na 20 ne, ko na ƙarshen ƙarni na 19, darajarsu ita ce azurfarsu da ɗan abin da ba a rasa ba. Sai dai cikinsu akan samu ƴan tsiraru na farkon zamani, waɗanda masu tara tsofaffin kuɗi a Turai ke saye da ninkin farashin azurfa sau da yawa. Su ma suna da littafinsu, na Walter Hafner, wanda ya jera ire-iren bugun ya ba su lamba. Kuma ƙasar da fatake sunka riƙa kawo wa daloli tun kafin zuwan Turawa ba wurin raina wa ba ne a wanga nema.

Abu na farko shi ne ƙananan haruffa. A ƙarƙashin kafaɗar sarauniya kusan kullum akwai S.F., farkon sunayen Schöbl da Faby, jami'ai biyu na gidan bugu na Gunzburg. Da yake hatimin Gunzburg ne kowa ya kwafa, waɗannan haruffa ba su nuna tsufa. Amma dalar da babu S.F. a fuskarta, aka kuma ga wasu haruffa a baya kusa da ƙafafun gaggafa, kamar I.C. da F.A. na tsohon bugun Biyena, ko A.H. da G.S. na Karlsburg, wannan a ajiye ta gefe guda, kada ta hau sikeli. Sai rubutun da ke zagaye da gaggafa: bugun zamani AVST yake rubutawa da V, alhali da yawa daga na farko AUST ne da U. Sai gashin jelar gaggafar: a bugun Biyena na zamani gashi uku ne a tsakiya, a na Landan biyu. Siffar alamar da ke kama da X bayan shekara, da maɓallin da ke kafaɗar sarauniya, ko zagayayye ne ko mai tsawo, ko da ɗige-ɗige kewaye da shi ko babu, duk suna nuna gari da zamani ga wanda ke da littafin a hannu.

Abin sha'awa, kakanninmu sun riga masu littafi duban maɓallin nan. A kasuwannin Habasha da Larabawa da Barno, mai karɓar dala yakan shafa kafaɗar sarauniya da babban yatsa. In ɗige-ɗigen sun shafe, ya san ta sha hannu, azurfarta ta ragu, sai ya ƙi ta ko ya rage mata daraja. Ilimin duban hatimi ke nan, ba gilashi ba littafi. Da dala ta daina zama kuɗin ciniki sai ilimin ya tafi tare da masu shi.

Ba dalar Otirish kaɗai ke cikin ƙullin tsummokin nan ba. Akan iske ta Faransa mai tamma biyar, ita kuwa shekararta gaskiya take faɗi, kuma tana da harafin garin da ya buga ta: A na Paris, K na Bordo, W na Lil, BB na Strasbur. Wata shekarar a wani garin kaɗan anka buga, sai farashinta ya bambanta da na ƴan uwanta. A gidajen tsofaffin manyan ma'aikata kuma ana iya cin karo da ƙwandalolin zinariya na tunawa da samun mulkin kai, masu hoton Diori Hamani da shekarar 1960, waɗanda tun farko ba don kasuwa anka buga su ba. Mai kai irin wannan wurin mai narka zinariya ya yi wa magada ɓarna.

Cuta iri biyu

Akwai dillalin da ya san abin da yake nema. Yakan bi kasuwannin ƙauye lokacin da hatsi ya yi tsada, ya saye duk abin da anka kawo a farashin awo, ya koma gida ya zauna da gilashinsa ya tsince ɗaya cikin hamsin, sauran ya tura wa maƙera. Bai yi sata ba a idon doka. Amma mai kayan ta sayar da abin da ba ta san shi ba, a ranar da ba ta da bakin cewa a'a. Waɗanda sunka ga yunwar 1984, wadda mutanen Maraɗi ke kira El Buhari, da ta 2005, sun san yawan kayan ɗakin da sunka fita ta wagga ƙofa.

Cuta ta biyu ta fi kama mutanen birni, masu albashi da masu shago. Wani zai zo da dala a naɗe cikin auduga, ko ya turo hotonta ta WhatsApp, ya nuna 1780, ya ce shekararta ta haura 240, wai akwai Bature a Kwatano ko Dubai da ke jiran ta da miliyoyi, abin da ya rage kawai kuɗin hanya da na takardu. Ma'aikacin da ya yi wata uku yana jiran abin da zai fid da shi daga bashi sai ya zuba. In an yi sa'a dalar ta azurfa ce, ta Biyena ta shekaranjiya. In ba a yi ba, farin ƙarfe ne anka zuba anka shafa wa ruwan azurfa. Haka ake yawo da jabun dalar Amurka mai 1804. Gwajin farko bai da wuya: azurfa ba ta bin maganaɗisu, dalar ƙwarai ba ta yin nesa da giram 28 sai ɗan abin da hannu ya cinye, rubutun gefenta a fili yake, kuma ta zube takan nuna ƙananan ramuka da layin haɗi a gefe, ƙararta kuma a mace.

Sai ɓarnar da mutum ke yi wa kansa da kyakkyawar niyya. Mai son ya burge mai saye yakan goge dala da toka ko lemun tsami ko yashi har ta yi ƙyalli. A wurin masu tara kuɗi wannan ƙyalli hasara ne, don baƙin da shekaru sunka ɗora mata shi ne shaidarta, kuma gugar tana share ƙananan alamun da ake nema. Huji da kunnen da anka like da wuta don rataya su ma suna karya farashi ƙwarai. Galibin dalolin ƙasar nan, gaskiya, an riga an huda su, don ado anka ajiye su ba don gwanjon Landan ba, kuma babu mai zargin amaryar 1930 a kan haka. Wadda ta tsira ba huji dai, a bar ta yadda take.

Ma'aikatan duwan da na al'adu suna da abin cewa a nan. Doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta tanadi kare kayan tarihin ƙasa, kuma fitar da irinsu waje sai da izini. Ba kowace dala ce kayan tarihi ba, tun da ana iya sayen sabuwa a kanti a Biyena. Amma dalar da anka san gidan da ta fito, anka san wane bafatake ya kawo ta daga Ghat ko wane alhaji ya ɗauko ta daga Sawakin, shaida ce ta hanyoyin cinikin ƙasar Tasawa da Gobir, kuma wurinta gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ya fi tukunyar maƙeri dacewa. Gari da zamanin da hatiminta ya nuna suna iya gaya wa mai bincike ko ta hamada ta zo kafin Turawa, ko ta bakin teku bayansu.

Ba za a hana mai yunwa sayar da kayanta ba, ba za a hana maƙeri sana'ar da ya gada ba. Abin da ake iya yi ƙarami ne, kuma bai fi ƙarfin komin guda ba. Mushen lakwal ko sakataren mai gari, da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, da ƙaramin sikelin giram, da littafin rubutu, ya isa ya zauna kusa da rumfar maƙera ranar kasuwa. Duk dalar da anka kawo ya auna ta, ya rubuta ƙauyen da ta fito da abin da mai ita ta sani game da asalinta, ya dubi ƙarƙashin kafaɗa da ƙafafun gaggafa, in ya ga baƙon harafi ya ce mata ta dakata. Sa'an nan ya ɗauki hoto uku da wayarsa: fuska, da baya, da gefe.